Ganin kusa bayan shekara 40: tabarau ko kwantak?

Idan sai ka nisanta waya ko Alƙur'ani kafin rubutu ya fito, ko zura zare a allura ya fara gagara, yawanci ba cuta ba ce. Madubin cikin ido ne ke taurara da shekaru, daga wajen 40 har kusan 65.

Kwantak siririn tabarau ne da ake mannawa kan baƙin ido. Wani na haɗa ganin nesa da kusa, wani kuma a sa wa ido ɗaya na nesa, ɗayan na kusa.

Amma ga manomin Gwaram ko ɗan kasuwar Birnin Kudu, tabarau na fi ba da shawara. Ƙurar hunturu na busar da ido. Ruwan rijiya ko na burtsatse in ya taɓa kwantak, ko da wajen alwala ne, yana iya jawo gyambon da ke makantarwa. Ba a kwana da shi. In ido ya yi ja ko zafi, a cire, a je asibiti ranar.

Kafin sayen tabarau a kasuwa, a je Cibiyar Lafiya ta Tarayya, Birnin Kudu, a auna ido, a duba hawan jinin ido, wanda ba ya ciwo da farko.