Ko Ka San Abin da Ke Sa Injin Iska Yanke wa Kansa Wuta?

Ko ka san cewa injin iskar nan na lantarki, wanda masu fentin mota da kafintoci da wasu masu faci ke aiki da shi, an ƙera shi ne da dabarar kashe kansa? Sau da yawa idan ya tsaya ana tsaka da aiki, ba lalacewa ya yi ba. Wata 'yar na'ura ce a jikinsa ta hango haɗari, ta raba shi da wuta tun kwail, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin injin, bai ƙone ba.

Tsayawar tasa iri biyu ce. Akwai ta lafiya: tanki ya cika, makunnin da ke auna matsin iska ya yanke wuta. Yawancin ƙananan injina suna yankewa idan allurar ma'aunin matsin iska ta kai bar 8, su sake tashi idan ta sauko wajen bar 6. Ɗayar kuwa ita ce mai tayar da hankali, inda tanki bai kai ko'ina ba amma inji ya yi shiru, ko dai wani ɗan maɓalli a jikinsa ya zabura waje, ko bireka ta faɗi.

A bayan maɓallin nan akwai wani siririn ƙarfe wanda a zahiri ƙarafa biyu ne aka manne, ɗaya ya fi ɗaya miƙewa idan ya ji zafi. Wutar da inji ke ja tana ratsawa ta wajensa. Idan ta wuce ƙima sai ya yi zafi ya lanƙwashe, hanyar wuta ta katse, kuma ba zai koma ba sai ya huce. Shi ya sa za ka ga inji ya ƙi tashi yanzu, bayan 'yan mintuna ya tashi kamar ba shi ba. Tambayar da ta kamata ita ce, me ya sa yake jan wuta fiye da ƙa'ida?

Ka fara zargin wutar kanta. Inji mai ƙarfin doki 2 yana jan kusan amfiya 10 idan yana gudu, amma a daƙiƙar tashi yakan ja ninki biyar zuwa bakwai na hakan. Ƙa'idar wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, kuma ana ƙera irin waɗannan injina su jure ragin kashi 10 cikin 100, wato zuwa wajen 207. Idan ta yi ƙasa da haka, kamar yadda take yi da yamma a unguwar da taransifoma ya yi wa jama'a kaɗan, inji ba ya rage aiki. Wuta yake ƙara ja don ya cike giɓin, zafi kuma ya biyo baya. Doguwar waya siririya ma haka take shanye ƙarfin wuta kafin ta isa, don haka gara ka ƙara tsawon tiyon iska da ka ƙara tsawon waya. Ƙaramin janareta ma yakan durƙushe a lokacin tashi ko da lambar da ke jikinsa ta yi daidai da ta injin. Idan za a auna wuta da mita, a auna ta a bakin injin yana aiki, domin wayar da ba ta ɗauke da kaya takan nuna lafiyar da ba ta da ita.

Idan kuma ka kunna ka ji yana gurnani, fanka ba ta juyawa, can sai ya yanke, to a duba kafasita. Ita ce ke ba injin da ke aiki da wutar gida turin farko. Wadda ta mutu sau da yawa ido ma yana gane ta: kanta ya kumbura, ko ta tsage tana zubar da wani mai mai danƙo, ko ƙafafunta sun yi baƙi. Wata kuwa fes take a waje, sai mita ce za ta tona ta. A maye ta da mai lamba ɗaya da wadda aka cire. A injinan da ke da kafasitar tashi, akwai wani makunni a ciki da ke cire ta daga aiki idan gudu ya kai kusan kashi 75 cikin 100. Idan ya maƙale, zafi ba ya ɗaukar lokaci.

Abin da ya fi ruɗa masu gyara shi ne matsalar da ke da kamannin lantarki alhali ta iska ce. Ka saurari lafiyayyen inji lokacin da ya cika ya tsaya, za ka ji wani gajeren tsaki na iska, sannan shiru. Wani ƙaramin bawul ne ke zubar da iskar da ta rage a kan fistin, domin inji ya tashi ba tare da kaya a kansa ba. Akwai kuma wani bawul a bakin tanki mai barin iska ta shiga ya hana ta dawowa. Idan ba ka ji tsakin nan ba, na farkon ya daina aiki. Idan tsakin ya ƙi ƙarewa, na bakin tanki ne ke yoyo. Ko wanne ne, inji zai nemi tashi iska na danne da shi, kamar mai tura amalanke a hawa daga tsaye, ya ja wuta mai yawa, ya yanke. Gwajin ba ya cin ko sisi: zubar da iskar tankin duka ka kunna. Idan ya tashi sumul amma ya kasa tashi na biyu da iska a ciki, a fara da bawul biyun nan kafin a taɓa kwail.

Sauran dalilan na kusa ne. Girgiza tana kwance noti a mahaɗar waya, wurin ya yi zafi ya narka roba. Injin layi uku idan layi ɗaya ya ɗauke, sauran biyun ke ɗaukar nauyin. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska da hanyoyin shan iskar inji. Yawancin injina an tsara su ne don wurin da zafinsa bai wuce digiri 40 ba, kuma Sakkwato da Maiduguri kan zarce haka a watan Afrilu, balle cikin shagon kwano.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda wasu ke cire na'urar kariyar su haɗe waya kai tsaye, ko su sa bireka mafi girma, wai an gyara. Masana injina sun daɗe da lissafin cewa duk ƙarin digiri 10 a kan ƙa'ida yana rage rabin rayuwar rufin wayar kwail. Kuɗin kafasita ko bawul bai kama ƙafar kuɗin naɗin sabon kwail ba, ga kuma haɗarin gobara a shagon da ke cike da fenti da fetur.

Kafin ka buɗe komai, zare waya daga soket, ka zubar da iskar tanki, ka kuma tuna kafasita tana iya riƙe wuta bayan an kashe inji. Idan maɓallin nan ya zabura sau biyu a jere, kada ka danna shi karo na uku, kira mai gyaran lantarki ya zo da mitarsa.