Kyautar Mai Ƙaramin Albashi: Bikin Balaga Na Yahudawa Da Saukar Karatu A Kano

Saukar karatu a Kano ta sake kama. Dā a ƙofar gidan uban yaro a ke yin ta, a shimfiɗa tabarmi, a yanka rago, a raba waina da goro, kafin azahar kowa ya watse. Yanzu kuwa, tun ba a unguwar Nassarawa ba, inda dā Turawan mulki suka zauna, yau kuma manyan ma'aikata da attajirai su ke ciki, sai an buga kati, an kafa rumfuna, an yi wa ɗalibai anko. Ba mu ce wannan laifi ne ba, mai abu shi ya san yadda zai yi da abinsa. Abin da ya dame mu shi ne halin malamin makaranta ko akawu wanda kati ya iske shi ran ashirin ga wata, daga hannun wani babba da ba shi da ikon ƙin zuwa gidansa. Mafi ƙanƙantar albashin da Gwamnatin Tarayya ta yanka a 2024 Naira 70,000 ne a wata, kowa kuwa ya san inda wannan ya ke tsayawa a kasuwa. Sai mutum ya yi ɗayan biyu: ko ya ci bashi don ya fita kunya, ko ya ƙi zuwa, ya yi wata guda yana kauce wa mai gayya. Duka biyun hasara ne.

Ba mu kaɗai wannan ya dama ba. Yahudawa suna da wani biki mai kama da namu, sun kuma sami wata dabara a kan sha'anin kyauta wadda ta isa a duba. Ko a nan Kano ba baƙi ba ne ƙwarai ga wanda ya san tarihin ciniki: Saul Raccah, Bayahude mutumin Tarabulus, yana cikin manyan masu sayen gyaɗa a Kano a shekarun 1930. Yau kuma malamanmu da ke zuwa ƙaro ilmi Ingila da Amurka su kan yi abokan aiki a cikinsu, har a gayyace su.

Sunan bikin Bar Mizwa, watau yaron da umarnin addini ya hau kansa, kusan abin da malamanmu ke kira mukallafi. Idan yaro ya cika shekara 13, daga ran nan shi ke ɗauke da nauyin ibadarsa, a kan kuma ƙidaya shi cikin mutum goman da ba a yin ibadar jam'i sai da su. Galibi ran Asabar a kan kira shi gaban jama'a a majami'arsu, ya karanta wani yanki na Attaura da Ibrananci, da irin rerawar da ya yi watanni yana koyo wurin malami. A waɗansu wurare har a kan jefe shi da alewa idan ya gama, don murna. Na 'yan mata a kan ce Bat Mizwa, a shekara 12, waɗansu kuwa 13. Shi wannan bai daɗe ƙwarai ba: a 1922 ne wani malaminsu mai suna Mordecai Kaplan ya yi wa 'yarsa Judith a birnin Niyu Yok, aka ɗauke shi shi ne na farko a Amurka. Bambancinsa da saukarmu a fili ya ke. Nasu shekaru ke kawo shi, ko an yi taro ko ba a yi ba. Namu kuwa sai yaro ya kai ƙarshen izu sittin, ko shekarunsa nawa ne.

To, ga dabarar. A Ibrananci kowane harafi yana da lambarsa, kamar yadda mu ke da hisabin abajada. Kalmar da ke nufin rai a wurinsu haruffa biyu ce, na fari takwas, na biyu goma, watau 18. Mai ilmin hisabi a cikinmu ba zai yi mamaki ba, gama ha ƙarami takwas ne, ya kuwa goma, kalmar Larabci ta mai rai ita ma 18 ta ke bayarwa. Harsunan biyu 'yan ɗaki ɗaya ne. Saboda haka idan za su ba da kuɗi a irin wannan biki su kan ba da 18, ko ninkinsa: 36, 54, 72, har 180 da abin da ya fi ga dangi na kusa da masu hali. Abokan makarantar yaro da marasa ƙarfi su kan tsaya a matakan ƙasa.

A lura da abin da wannan ya ke yi. Wanda ya buɗe ambulan ya ga dala 36, abin da zai fara karantawa shi ne fatan rai sau biyu, yawan kuɗin daga baya ya ke zuwa. Mai 18 da mai 180 magana guda suka faɗa. Ba mu ce babu gasa da fahariya a cikinsu ba, akwai, malamansu ma sun sha kuka da bukukuwan da ƙawa ta rinjayi ibada. Amma dai tsaninsu yana da matakin ƙasa wanda mutum zai taka ba tare da kunya ba. Mu kuwa al'adar bikinmu, tun ba ta mata ba, inda a kan mayar da gudummawa da fiye da abin da aka kawo, sau da yawa ninki, tsani ce wadda ba ta san sauka ba.

Wanda aka gayyata wannan biki nasu, akwai abin da ya kamata ya kiyaye. Masu riƙon addini a cikinsu ba su taɓa kuɗi, ba su rubutu, tun daga faɗuwar rana ran Jumma'a har duhun daren Asabar, saboda haka ba a miƙa ambulan a majami'a. A aika da shi gida kafin ranar ko bayanta, ko a kai wurin walima idan Asabar ta fita. Kada a kai abinci sai an san ka'idarsu, domin ba su cin alade, ba su kuma haɗa nama da madara. Mayafin ibada da waɗansu 'yan akwatunan fata masu ayoyi a ciki, da su kan ɗaura a hannu da goshi, galibi iyaye da kakanni ke saya, baƙo ya bar musu. Littafi kyauta ce karɓaɓɓiya. Alƙalamin tawada ma dā ya yi yawa cikin kyautar wannan rana, har ya zama abin ba'a a Amurka. Haka kuma a kan ba da sadaka da sunan yaro a wata hanyar taimako, a aika masa da takardar shaida. Bayan biki, yaron da kansa ya kan zauna ya rubuta wa kowa takardar godiya, da mai kaɗan da mai yawa. Mu da ke horon malamai muna ganin wannan darasin rubutun wasiƙa ne wanda ya fi na aji.

Mu komo gida. A sauka irin ta asali, allon zayyana da a ke yi wa yaro Fatiha da farkon Baƙara a ke rubutawa a jikinsa, su ya ke karantawa gaban malamai, alamar ya gama ya kuma sake farawa. Sa'an nan ya zaga gidajen dangi da allonsa, kowa ya ba shi abin da ya sawwaƙa, ba mai shela. Wannan allo shi ke nuna wa mai ƙaramin ƙarfi abin da zai saya: abin da yaro zai bukata gobe, ba abin da za a gani yau ba. Bayan sauka sai littattafai, Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, har zuwa Risala. Wanda ya shiga Kasuwar Kurmi wajen masu littattafai zai sami biyu ko uku daga cikinsu da kuɗin da in ya sa a ambulan a Nassarawa ba wanda zai tuna da shi. Ya rubuta sunan yaro da ranar sauka da sunansa a bangon ciki. In Alƙur'ani zai saya, ya tambaya tukuna: makarantun allo da ruwayar Warshu su ke karatu, yawancin Islamiyyu kuwa da Hafsu, kada ya kai wa yaro rubutun da idonsa bai saba da shi ba. Gafaka ma kyauta ce, buzu kyauta ne, 'yan mata kuwa, waɗanda yanzu su kan cika layin masu sauka a Islamiyyu, littafi ya fi musu amfani bisa ga ƙarin mayafi na biyar.

Idan kuwa kuɗi a ke so a bayar, ga shawararmu, ba kuwa addini ba ce, ba kuma al'adar da muka gada ba. Su suna da 18, mu muna da 60. Naira 20 a kan kowane izu 1,200 ke nan. Naira 50, 3,000. Naira 100, 6,000. Mutum ya rubuta a bayan ambulan cewa kaza ne a kan kowane izu, yaro ya san wahalarsa aka ƙidaya. Malaman makaranta guda ko akawunan ofis guda su yi karo-karo, su kai abu ɗaya da sunansu duka, ya fi kowa ya je shi kaɗai yana ɓoye hannu. A kai kyauta gida ana gobe sauka, a danƙa wa uba ko uwa. Wurin taro, inda mai lasifika ke kiran suna da adadi, ba wurin mai albashin wata ba ne.

Akwai kuma wanda a kan manta da shi a tsakiyar rumfunan, shi ne malamin da ya biya wa yaro tun daga babbaƙu da farfaru. A al'adar dā yana da rabonsa cikin abin da sauka ta kawo, yanzu kuwa a kan bar shi da kwanon shinkafa da kalanda. Wanda ya ware 3,000, ba laifi ya ba yaro littafin 2,000, sauran ya naɗe a takarda, ya nemi malam a inda ya ke zaune, ya durƙusa ya gaishe shi, ya sa masa a ƙarƙashin buzu.