Ƙaramin Tallafi ga Malamai da Tasirinsa a Ilimin Kare Namun Daji

Daga cikin hanyoyin da hukumomin kula da namun daji a jihohin Amurka suke bi don cusa wa yara sanin halittun da ke kewaye da su, akwai bai wa malaman makaranta ƙaramin tallafin kuɗi, wato kuɗin da ba bashi ba ne, wanda malami yake nema a rubuce don gudanar da wani aiki ƙwaya ɗaya da ya tsara tare da ɗalibansa. A jihar Ohayo, alal misali, sashen kula da namun daji yakan ba da dala 500 ga makarantar da take son mayar da wani ɓangare na harabarta mazaunin tsuntsaye da ƙwari da tsirran asalin yankin, bisa sharaɗin cewa malamin da ya nema ya samu horo a shirin Project WILD, wanda aka fara a shekarar 1983 domin koya wa malamai yadda za su shigar da batun namun daji cikin darussan kimiyya da lissafi da harshe.

Kuɗin da irin waɗannan hukumomi suke gudanar da ayyukansu da shi yana fitowa galibi daga lasisin farauta da na kamun kifi, da kuma harajin da wata doka ta shekarar 1937 ta karkata zuwa ga jihohi daga cinikin bindigogi da harsasai, wanda hakan ke nufin masu cin moriyar daji ne suke ɗaukar wani kaso na nauyin tarbiyyar waɗanda za su gaji kula da shi. Dala 500 ba za ta gina aji ba, ba kuma za ta biya albashi ba, amma ta isa sayen iri da dashe da shebur da katakon akwatunan sheƙar tsuntsaye da madubin hangen nesa, kuma waɗannan su ne abubuwan da kasafin makaranta bai cika tanadar musu wuri ba, har sau da yawa malami yakan saye su daga aljihunsa ko ya haƙura da darasin gaba ɗaya.

Aikin da ya fi bayyana amfanin wannan tsari shi ne lambun malam-buɗe-littafin da ake kira Monarch, wanda yake ƙaura duk shekara daga Kanada da arewacin Amurka zuwa dazuzzukan duwatsun tsakiyar Meksiko, tafiyar da takan kai kimanin kilomita 4,000. Tsutsar wannan ƙwaro ba ta cin ganyen komai sai na wasu tsirrai masu farin ruwa kamar madara, dangin tumfafiyar ƙasar Hausa, kuma yawan fesa maganin ciyawa a gonakin masara da waken soya ya rage waɗannan tsirrai ƙwarai. Masana suna auna yawan ƙwaron ne da faɗin dajin da ya lulluɓe a Meksiko lokacin hunturu, kuma faɗin ya sauko daga sama da hekta 18 a hunturun 1996 zuwa 1997, ya koma ƙasa da hekta 1 a na 2013 zuwa 2014. Shirin Monarch Watch na Jami'ar Kansas, wanda aka kafa a 1992, ya jawo makarantu cikin aikin ta hanyar shuka waɗannan tsirrai da liƙa wa ƙwarin 'yar alama mai lamba a fiffike, domin idan an tsinci ƙwaron a wani wuri a san inda ya fito. Ɗalibin da ya shuka tsiron da hannunsa, ya ƙirga ƙwai a bayan ganye, ya rubuta ranar da tsutsa ta rikiɗa, ya koyi lura da auna abu da adana bayani, waɗanda su ne ginshiƙan kimiyya, ya kuma ga cewa abin da ya rubuta yana shiga binciken da manyan masana suke dogaro da shi.

Tsarin yana da raunin da ya kamata a faɗa. Tallafin na shekara ɗaya ne, alhali lambu yana buƙatar ban ruwa da nome ciyawa kowace shekara, musamman a dogon hutun bazara da ba kowa a makaranta, sannan aikin da ya rataya a wuyan malami ɗaya yakan mutu ranar da aka yi masa canjin wurin aiki. Haka kuma makarantun da suka fi buƙata su ne malamansu suka fi rasa lokacin rubuta takardar nema. Saboda haka aikin da ke ɗorewa shi ne wanda shugaban makaranta ya sa masa hannu tun farko, aka raba nauyinsa tsakanin malamai da iyaye, aka kuma saka shi cikin manhaja.

A Afirka ma akwai tushen da za a ɗora irin wannan tsari a kai, domin ƙungiyoyin ɗalibai masu kare namun daji sun fara a Kenya tun 1968, kuma Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya tana da irinsu a makarantu. Malamin da ke koyarwa kusa da fadamar Haɗejiya da Nguru, inda tsuntsayen Turai suke sauka kowace shekara, ko kusa da dajin Yankari, yana da abin koyarwa a ƙofar ajinsa, abin da yakan rasa shi ne 'yan kuɗin kayan aiki da na motar kai ɗalibai. Ya dace ma'aikatun ilimi da na muhalli da masu hannu da shuni su ware irin wannan ƙaramin tallafi, su haɗa shi da horo, su kuma miƙa shi kai tsaye ga malamin da zai yi aikin.