Kafin ka ɗora wa zogale laifi

Da rani ya kama, lambunan da ke gefen dam ɗin Gubi sukan yi kore shar: alayyahu, latas, kabeji, yakuwa, ga albasa da lawashinta. Ganye ya yi araha a kasuwannin Muda Lawal da Wunti. Amma akwai mutanen da ko kallonsa ba sa yi. Ka tambaye su, sai su ce maka, "Ai ni cikina ba ya son ganye."

Na san wata ɗaliba a harabar Gubi ta Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ta shekara biyu ba ta taɓa kwaɗo ba. Da ta ci, sai ciki ya ɗure kamar ganga, ya yi ta ƙugi ana tsakiyar lacca, ya murɗa, sai ta zaga sannan ta samu sa'ida. Wani satin gudawa, wani satin bayan gida ya ƙi fita. An ce olsa ce, an ce basir, an ce taifod. Ta sha jiƙe-jiƙe har ta gaji. Gwaji kuwa bai nuna komai ba.

Likitoci suna kiran irin wannan lalura IBS. Hanji ne mai saurin harzuƙa: babu gyambo, babu ƙari, amma iska kaɗan ko abinci mai nauyi sai ya ji su kamar an ɗora masa dutse. Damuwa da rashin barci suna tayar da shi, shi ya sa yake matsa wa ɗalibai lokacin jarrabawa. Ƙa'idar likitoci da aka sabunta a 2016 ta ce sai ciwon ya riƙa zuwa aƙalla sau ɗaya a mako har wata 3, tare da sauyin bayan gida, kafin a kira shi da wannan suna.

To, ina laifin ganye? Mu leƙa robar mai kwaɗo. Zogalen dafaffe ne, amma an zuba masa ɗanyar albasa cike da hannu, ga ƙuli-ƙuli, ga yaji, ga mai. Masu bincike a Jami'ar Monash ta Ostireliya sun nuna cewa albasa da tafarnuwa da wake da alkama suna ɗauke da wasu nau'o'in sukari da hanji ba ya iya tsotsewa sosai. Sai su gangara babban hanji, ƙananan halittun da ke can su ruɓar da su, iska ta taru. Alayyahu da latas ba su da yawan wannan sukari. Sau da dama albasa ce ta yi ɓarna, zogale ya ɗauki duka.

Don haka a gwada haka. A cire farin albasar, a sa koren lawashi a madadinta. Mai son ƙamshin tafarnuwa ya soya ta a mai, ya tsame ta ya yar, domin wannan sukari ba ya narkewa a mai. Ganyen a dafa shi ya yi laushi, a tsinke jijiyoyinsa, a fara da cokali biyu ko uku. Miyar yauƙi irin ta kuɓewa takan fi kwanciya a ciki. Kabeji a rage masa hannu. Tafasa kuwa dangin filasko ce, tana sakin ciki, mai gudawa ya yi hattara da ita. Abu ɗaya za a riƙa sauyawa a lokaci guda, a rubuta a takarda abin da aka ci da yadda aka kwana. Ba a daina abinci har abada. Bayan makonni kaɗan sai a riƙa dawo da shi ɗaya bayan ɗaya.

Ɗanyen latas na buɗa-baki yana da nasa hatsarin daban. In ba a wanke shi ganye-ganye da ruwa mai tsabta ba, yana iya kawo atini, kuma wasu daga irin wannan gudawa IBS ɗinsu yake somawa.

Amma idan akwai jini a bayan gida, ko rama ba dalili, ko zazzaɓi, ko ƙarancin jini, ko ciwon yana tashinka cikin dare, ko kuma sai bayan shekara 50 abin ya fara, wannan ya wuce maganar lawashi. A tafi asibiti a ga likita, kuma a tafi da takardar nan da aka rubuta.