Filashinka Bai Lalace Ba, Fayil ɗin ne Ya Fi Ƙarfin Ƙofa

Na gaji da ganin mutane suna jefar da filashi mai lafiya, ko su koma shago suna zage-zage wai an sayar musu da jabu. Ga yadda abin yake faruwa: mai ɗaukar hoton biki ya gama tace bidiyo mai nauyin gigabait 9, ya soka filashi mai gigabait 32 wanda babu komai a ciki, kwamfuta ta ce fayil ya yi girma. Nan take sai a yanke hukunci: ko dai bairos ne, ko mai shago ɓarawo ne. Akwai filashin jabu a kasuwa, ba a musu, amma wannan ba alamarsa ba ce. Na jabu karɓar kayan yake yi baki alaikum, sai ka zo buɗewa ka tarar da shirme.

Matsalar tana ga tsarin da aka shimfiɗa wa filashin. Da yawa daga cikin ƙananan filashi da katin waya suna zuwa ne da tsarin FAT32, wanda Microsoft ta fitar a 1996, zamanin da fayil mai gigabait ɗaya ma abin mamaki ne. Gurbin da wannan tsari ya ware don rubuta girman fayil ba ya ɗaukar adadin da ya wuce 4,294,967,295, wato gigabait 4 ba bait ɗaya. Fayil guda da ya haura haka ba zai shiga ba, ko da filashin ya kai girman me. Kamar gadon amarya ne da ƙofar ɗaki: ɗakin yana da fili, ƙofar ce ƙarama, kuma mai hankali ba ya rushe ɗakin, kafinta yake kira ya kwance gadon. Kamfanoni sun ci gaba da wannan tsohon tsari ne saboda tsofaffin talabijin da rediyon mota da shi suka saba.

Faifai kuwa nasa cikin ne ƙarami. CD megabait 700 yake ɗauka, DVD na gama-gari kuma an rubuta 4.7 a jikinsa, amma kwamfuta kusan 4.38 za ta nuna maka, saboda lissafin kamfani da nata ba ɗaya ba ne.

Maganin duka biyun shi ne a yanka fayil ɗin gunduwa-gunduwa. Manhajar 7-Zip, wadda Igor Pavlov ɗan Rasha ya fitar a 1999, kyauta ce, kuma ta isa. WinRAR ma yana yi. Danna fayil ɗin ta maɓallin dama, ka zaɓi a ƙunshe shi. A ƙasan akwatin da zai buɗe, ta hagu, akwai gurbin girman kowace gunduwa. Ni 4000M nake ba da shawarar a rubuta, domin yana shiga DVD, yana kuma wuce ƙofar FAT32. Idan CD ne, 700M na nan a jerin. In bidiyo ne, kada ka ɓata lokaci wajen matse shi, zaɓi a adana kawai ba matsi. Bidiyo a matse yake tun asali, sai ka yi zaman jira mai tsawo ka ga kusan ba abin da ya ragu. Manhajar za ta ba ka gunduwoyi masu lamba 001, 002, 003, sai kowace ta hau faifanta, ka rubuta lambar a jikin faifan da alƙalami tun kafin ka saka na gaba.

A nan ne ake tafka ɓarna mafi ciwo. Wasu suna ɗauka gunduwa ta ɗaya ita ce ɗaurin aure, ta biyu kamu, ta uku dina, har wani ya miƙa wa dangin ango faifai ɗaya, na amarya ɗaya, wai an yi raba daidai. Haba! Babu gunduwar da za ta yi aiki ita kaɗai. Dole a kwafe su duka cikin folda ɗaya a kwamfutar da aka kai su, ba a canja wa ko ɗaya suna ba, a buɗe ta 001 da 7-Zip, ita za ta jawo sauran. In faifai ɗaya ya karce, aikin gaba ɗaya yana iya lalacewa. Ka kuma tanadi fili ninki biyu a can, na gunduwoyin da na fayil ɗin da zai fito.

Ana iya sauya wa filashin tsari zuwa exFAT, na 2006, wanda ba shi da wannan iyaka, kuma Windows da Mac duk suna karanta shi. Sai dai fomatin yana share komai, don haka yaran shagon kwamfuta su ji tsoron Allah su daina yi wa filashin mutane ba tare da tambaya ba.

Fayil na asali kuwa kada a goge shi sai an haɗa gunduwoyin a can, an kunna bidiyon, an ja shi har ƙarshe an ga yana tafiya.