Yadda Ake Gano Matsala Idan Injin Ban-ruwa ko Janareto Ya Daina Kawo Wuta

A lokacin noman rani, kwana biyu babu ruwa sun isa su sa tumatir ko albasa su yi yaushi a fadama, saboda haka tsayawar injin ban-ruwa ba ƙaramar asara ba ce ga manomi. Haka kuma janareton da ke haska ƙaramin asibitin ƙauye. Sau da yawa matsalar ba ta kai a ɗauki inji zuwa birni ba. Muna so mu yi wa manoma, malaman gona da ma'aikatan ƙananan hukumomi bayanin yadda ake bin sawun ɗaukewar wuta a ƙananan injunan fetur, irin su Honda GX160 da takwarorinsa.

Waɗannan injuna ba sa bukatar batir kafin su samar da wuta. Akwai maganaɗisu a jikin faifan nan mai nauyi da ke juyawa idan an ja igiya. Duk lokacin da ya gifta ta gaban koyil, sai wuta mai ƙarfi ta bi waya zuwa fulogi, ta yi tartsatsi, fetur ya kama.

Da farko a tabbatar wutar ce babu. A kwance fulogi, a mayar da shi cikin hularsa, a jingina ƙarfen jikinsa da ƙarfen inji nesa da ramin da aka cire shi, a kunna makunni, sannan a ja igiya da ƙarfi. A yi wannan a inuwa, domin hasken rana na ɓoye tartsatsi, a kuma yi shi a fili, inda fetur bai zube ba. Kada a riƙe fulogin da hannu. Idan an ga shuɗin tartsatsi mai ƙarfi, sai a koma wajen fetur da kafireta, domin laifin ba na wuta ba ne.

Idan ba a ga komai ba, a dubi bakin fulogi. Wanda ya yi baƙi ko ya jiƙe, a goge shi a shanya. Wanda farin jikinsa ya tsage, a sauya. Tazarar bakinsa a GX160 milimita 0.7 zuwa 0.8 ce. Shawararmu ita ce kowane mai inji ya ajiye sabon fulogi ɗaya, domin gwaji da shi ya fi kowace dabara sauri.

Akwai wani abu da jama'a suka fi mantawa da shi, wato baƙin mai. Yawancin janaretoci da wasu injunan ban-ruwa suna da na'urar da ke yanke wuta da gangan idan mai ya yi ƙasa, don kada inji ya ƙone. Irin wannan inji yana ɗaukar kimanin lita 0.6 ne kacal, don haka raguwa kaɗan ta isa. Ko da man ya cika, ajiye inji a karkace a bakin rafi kan iya yaudarar na'urar. A daidaita shi, a cika mai har bakin ramin, a sake gwadawa. Wasu masu gyara kan cire wayar na'urar gaba ɗaya su ce sun gyara. Ba mu goyi bayan haka ba, domin kuɗin sabon inji ya ninka na galan ɗin mai sau da yawa.

Idan har yanzu shiru, a buɗe murfin igiya, a zare siririyar wayar da ta fito daga koyil zuwa makunni, sannan a maimaita gwajin. Dawowar wuta na nuna cewa makunni ne, ko na'urar mai, ko kuwa wayar ta goge tana taɓa ƙarfe. Ɓera kan yi wannan aiki a injin da ya kwana damina a ɗaki. A mayar da wayar kafin a tayar da inji, in ba haka ba makunni ba zai kashe shi ba.

In wuta ba ta dawo ba, sai a dubi hular fulogi da kuma koyil. Tazarar koyil da faifan kimanin milimita 0.4 ce, kusan kaurin kati. Idan tazarar daidai take, hular kuma lafiya lau, to koyil ya mutu. Ba a gyara shi, sauyawa ake yi, kuma a tafi kasuwa da tsohon domin a sami irinsa.