Datsa Ba Sara Ba Ce: Kalma Ɗaya da Makomar Itatuwa a Ƙasar Gumel

Ɗalibin sakandare da ya ci karo da kalmomin Ingilishi "cut back" a littafin aikin gona, sau da yawa yakan fassara su da "sare". Kuskuren ƙarami ne a takardar jarrabawa, amma a gona babba ne, domin tsakanin sara da datsa akwai rayuwar itace sukutum. Wannan bambanci ya fi muhimmanci a wuri irin masarautar Gumel ta Jihar Jigawa, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, inda damina gajera ce, ƙasa kuma rairayi, iskar bazara na kwashe ta duk inda ba itace.

Ma'anonin kalmar

Ma'ana ta farko ta "cut back" ita ce a rage tsawon rassan shuka domin ta sake toho. Ma'ana ta biyu aro ce daga ta farko: a rage kashe kuɗi ko yawan ma'aikata ko amfani da wani abu. Wannan shi ne abin da Bahaushe ke kira tsuke bakin aljihu, irin matakin da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ɗauka a 1982 bayan faɗuwar farashin man fetur. A duka biyun, abin da aka rage yana nan da ransa, an dai taƙaita shi ne.

Kalmomin da ke kusa da ita kowace da gurbinta. "Trim" gyaran fuska ne, kamar yadda wanzami ke rage suma ko tela ke daidaita bakin yadi da almakashi. "Prune" ta masu lambu ce, wato cire zaɓaɓɓun rassa da wata manufa. "Pare down" ragewa ce kaɗan kaɗan, kamar firar rogo ko yankan farce. "Cut down" kuwa tana da fuska biyu: idan aka haɗa ta da itace, an kayar da shi ke nan, idan aka bi ta da "on", kamar a maganar sukari ko taba, to ragewa ake nufi.

Hausa ba ta gaza ba a wannan fage. Akwai sara, wadda ke kai itace ƙasa. Akwai datsa, wadda ke yanke wani sashe ta bar saura. Akwai tumɓukewa, wadda ke fitar da shuka har saiwa. Akwai kuma sassabe, wato share saura ko daji kafin shuka. Malami da ya jera wa ɗalibai waɗannan kalmomi daura da na Ingilishi ya koyar da harshe da kimiyya a darasi guda.

Abin da ke faruwa idan aka datsa

Matan da ke da zogale a tsakar gida sun daɗe da sanin cewa idan aka datse kansa, sai ya yi rassa barkatai, ganye ya yawaita. Kimiyya ta bayyana dalili. A tsinin kowane reshe mai girma shuka na samar da wani sinadari mai suna oksin, wanda ke gangarowa ƙasa yana hana idanun toho na gefe buɗewa. Masani Frits Went na ƙasar Holan ne ya fara ware wannan sinadari a 1926, sannan a 1933 Kenneth Thimann da Folke Skoog suka nuna cewa shi ne ke danne tohon gefe. Da zarar an cire tsinin, sai takunkumin ya tashi, idanun da ke barci su farka.

Sai dai abin yana da iyaka. Ganye ne ke haɗa wa shuka abinci daga hasken rana da ruwa da iska. Idan aka kwashe shi duka, kuma aka riƙa maimaitawa kowace shekara, itacen yakan cinye ajiyar da ke saiwarsa ya bushe. Wannan ne haɗarin da gawo ke fuskanta da rani, lokacin da makiyaya ke sauke rassansa domin dabbobi. Buƙatar abincin dabba kuwa ba ƙarama ba ce a yankin da ke da kasuwar Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis, take kuma tara shanu da raƙuma da awaki daga Nijeriya da Nijar.

Sassaben zamani

Tsallaken iyakar Maigatari, a Jamhuriyar Nijar, manoma sun gwada bambancin sara da datsa a kan ƙasa mai faɗi. A 1983, wani malamin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a yankin Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsirrai da ake sassabewa kowace bazara ba ciyayi ba ne: toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, waɗanda saiwoyinsu ke da rai a ƙarƙashin ƙasa. Maimakon a share su duka, sai aka koma zaɓen rassa kaɗan mafiya ƙarfi a kowane kututture, kamar uku zuwa biyar, a datse sauran. Ruwa da abincin da tsohuwar saiwa ke jawowa sai su tattaru a kan waɗanda aka bari, su yi saurin girma fiye da dashen da aka kawo daga wurin reno.

Bayan farin 1984 dabarar ta bazu, aka sa mata suna sassaben zamani. Binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam ya nuna cewa ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. A Magariya da Matamaye da Mirya ta jihar Damagaram, maƙwabtan Jigawa, gawo ne ya fi yawa. Shi kuwa gawo abokin manomi ne: yakan zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ƙwayoyin bakteriya da ke saiwarsa kuma suna ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood saboda wannan aiki.

Ƙa'idojin aikin masu sauƙi ne. A yi amfani da adda ko gatari mai kaifi. A yanka daga ƙasa zuwa sama, don kada reshe ya faɗi ya yage ɓawo, cuta ta sami ƙofa. A bar wa itace mafi yawan ganyensa. A kare tohon daga awaki har ya fi ƙarfinsu. Rassan da aka datse kuma ba asara ba ne, makamashi ne da abincin dabba.

Jigawa na cikin jihohi 11 na Nijeriya da ke ƙarƙashin shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Dashe yana da tsada, kuma da yawa daga cikinsa kan mutu a ranin farko. Amma kututturan sabara da kalgo da magarya suna nan a gonakin Gagarawa da Sule Tankarkar, ko a bayan katangar makaranta. Ajin da ya zaɓi guda goma, ya datse biyar ya bar biyar, ya riƙa auna tsawonsu wata wata, zai ga ma'anar kalmar da idonsa kafin shekara ta zagayo.